Ramin Cin Tuwon Kofur Attahiru

A shekarun farko na mulkin kai, tutar Ingila ba ta daɗe da sauka daga ofishin kwastan na bakin iyaka ba, aka dawo da Kofur Attahiru gida Bagudo a bayan wata babbar mota, yana kwance kan katifar rimi, da ƙarfe biyu a cikin jikinsa. Tsohon soja ne. Ya je yaƙin Bama yana saurayi, ya dawo ya kama fatauci da jakuna tsakanin Bagudo da kasuwar Dole Kaina, wani lokaci har hayin Dahome. Kayan da ya ɗauka a soja da tafiyar ƙasa da ya sha daga baya su suka cinye masa kwatangwalo duka biyu, har ta kai ba ya zuwa masallaci sai an riƙe shi. An yi ƙaho, an yi tsaga, an sha saiwa da sassaƙe iri-iri, ciwo yana nan inda yake. Daga ƙarshe ƙungiyar tsofaffin sojoji ta tsaya masa aka kai shi babban asibiti a Badun, inda likita ya yanke kawunan ƙashin da suka lalace ya sa na ƙarfe a madadinsu, na dama tukuna, da ya warke aka yi na hagu. Matarsa Barira ce ta yi jinyarsa a can. Ta dawo da shi, ta kuma dawo da 'yan kalmomin Yarbanci da take yi wa kaji tsawa da su.

Gari ya zo dubiya, kuma in za a faɗi gaskiya rabin masu zuwa kallo ne ya kawo su. Ba a taɓa jin an buɗe mutum an sa masa ƙarfe an ɗinke, ya tashi yana magana ba. Tsofaffin mata suna jan Barira gefe suna tambayarta ko ya ƙara nauyi. Wani ya ce in hadari ya taso kada a zauna kusa da shi. Ɗanmusa kuwa, taubashinsa, mai ginar rijiya da kwaɓar ƙasa, wanda tun suna yara ba ya ganin Attahiru bakinsa ya yi shiru, yana shigowa sai ya ƙwanƙwasa masa cinya da yatsa, ya kara kunne.

"Na ji ƙara," in ji shi. "Ƙarhen kirki na sunka sa ma, Kofur. Ran da kac cika ni ka gadonka, in kai ma maƙera su yi min kalme biyu na ginar ƙasa."

"Kai ka riga ni," in ji Attahiru. "Kullum kana cikin rami, turbuɗewa ɗai tar rage."

Abin da masu kallo ba su gani ba shi ne ciwon ya tafi. Mutumin da ya yi shekaru yana kwana juyi kamar ana buga masa ƙusa, yanzu sai ya kwanta, ya buɗe ido ya ji ladan. Da safe Barira ta shafa masa man kaɗe a wurin ɗinki, ta dama masa kunu, ya ɗauki sandunansa biyu ya zaga tsakar gida, daga rumbu zuwa bakin rijiya, zabi suna binsa don sun gano yana zuba tsaba a aljihu. Da rana romon kifin kogin Kwara, da la'asar a kunna rediyo. Ya yi kumatu. Har wata waƙar soja ya dawo yana yi ƙasa-ƙasa, wadda Barira ta ce rabonta da ji tun tana amarya. Yana jin daɗin ransa, kuma ba ya ɓoyewa, duk wanda ya tambaye shi jiki sai ya ce Allah ya yi masa gyaɗar dogo.

Sai dai ƙarfen ya zo da dokokinsa. Ranar sallama wata nas mai suna Omolara, wadda ta tashi a Gusau tana jin Hausa sarai, ta zaunar da su ta yi musu dalla-dalla. Kada ya tsuguna, kada ya zauna a ƙasa, kada ya harɗe ƙafa ko ya sunkuya ɗaukar abu. Duk inda zai zauna, gwiwarsa kada ta fi ƙugunsa tudu. In ya karya doka ƙarfen zai goce daga gurbinsa, kuma duk faɗin ƙasar Gwandu babu mai ɗorin da zai iya mayar da shi. Barira ta haddace maganar nan fiye da mai ciwon.

Da suka dawo aka kira Uzodinma kafinta, mutumin kudu da ya daɗe a Bagudo har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Ya yi wa Kofur doguwar kujera mai hannuwa, ya ƙara wa gadonsa ƙafa, ya kuma yi wata kujerar mai huda a tsakiya aka kai bayan gida, wadda ba sai an yi bayaninta ba. Liman ya ce salla a zaune ta halatta ga mai lalura. Komai ya sami mafita ban da tuwon dare, kuma a gidan nan tuwon dare ba ƙaramin abu ba ne.

Gidan gandu ne. Attahiru da wansa Bunyaminu gonarsu ɗaya, rumbunsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya. Mahaifinsu ya rasu Attahiru yana ƙarami, Bunyaminu ne ya rene shi, shi ya yi masa aure, shi ya riƙe gonar shi kaɗai duk shekarun da ƙanen yake Bama. Yanzu Bunyaminu ya tsufa, matarsa ta rasu, idonsa ya yi yana har ba ya gane mutum sai da murya. Dogo ne, maganarsa ba ta da yawa, in ya ce "to" sai ka koma gida kana tunanin wace iri ce. Kullum bayan magariba Barira takan aiko da tuwo a baƙin akushin da suka gada, a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, wa da ƙane su sa hannu tare, maƙwabta su ma su fito da kwanukansu a zauna ana ci ana hira. In ka cire shekarun yaƙi da kwanakin fatauci da watannin Badun, ba a taɓa ganin ɗayansu ya ci shi kaɗai ba.

Ranar da Attahiru ya fara jin ƙarfin fita, aka kai masa kujerarsa ƙofar zaure ya hau, maƙwabta suna ta yi masa barka da arziki. Sai ga Bunyaminu ya dawo daga masallaci yana laluben hanya da sanda. Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna inda ya saba, dab da ƙafar kujerar. Attahiru ya duba ƙasa, sai ya ga tsakiyar hular wansa, da wani ɗan zare da ya warware a samanta. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin saman kan Bunyaminu ba. Ga shi a sama ya baje kamar Di'o na zamanin Turawa, ga mutumin da ya goya shi a ƙasa kusa da takalminsa. Kunya ta rufe shi. Akushi kuma yana can ƙasa, ko da ya toshe kunyar hannunsa ba zai kai ba sai ya sunkuya.

"Yaya, bari in koma ciki," ya ce.

"Zamna bisa kujerakka a ɗebo ma naka," in ji Bunyaminu. "Mi na na ciki? Lalura ta."

"A'a, Yaya. Ba ni iyawa."

Ya ja sandunansa ya shige. Daga ranar a ɗaki yake cin tuwonsa, kwano a kan cinya, Bunyaminu kuma a waje da nasa kwanon. Baƙin akushi ya koma kan randa a kife.

Da a wani gidan ne, da an zauna an yi magana an wuce wurin. Amma mazan gidan nan sun gwammace su ɗauki jaki a ka da su faɗa wa juna magana mai taushi. Bunyaminu bai sake tambaya ba, Attahiru bai sake bayani ba. Ga shi ko gaisuwar safe a tsaye yake yin ta, tun da durƙuso ma yana cikin abin da aka hana shi. Mai kallo daga nesa me zai ce? Ba a daɗe ba Barira ta dawo daga unguwa fuskarta a murtuke.

"Malam, kana da labarin garin ga? Cewa aka yi kun raba akushi kai da Yaya. Wai tun da kaj je Badun kag ga masu ci da cokali bisa tebur, ka hi ƙarhin tabarma. Yau wata tat tare ni tana tambaya ko rumbu ma za a raba bayan kaka, wai wa ka ɗaukar gonar hwadama."

Wannan magana ta yi wa Attahiru ciwon da wuƙar likita ba ta yi masa ba. Ya san yadda gandu yake mutuwa, ya ga na wasu. Daga akushi ake farawa, sai tukunya, sai a wayi gari an ja danga a tsakiyar gida. Abin da ya fi damunsa, bai san ko maganar ta kai kunnen Bunyaminu ba, in kuma ta kai, bai san ko tsohon ya yarda da ita ba.

Uzodinma ne ya fara neman dabara, don yakan biyo da yamma ya duba ko kujerar tana girgiɗi, ya kuwa ga yadda abin yake. Bai yi shawara da kowa ba, sai ga shi wata rana da tebur a ka, da kujera ta biyu wadda ya ƙara wa tsawo don ta babba ce.

"Kofur, ga magani," ya ce. "Kai nan, Baba nan, akushi a tsakiya. Baba ya fi ka tsawo, kowa ya ci abinci. Magana ta ƙare."

Dabara ce mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ya yi ta. Bunyaminu bai ƙi ba. Aka kama shi aka ɗora, ya zauna a ɗofane, ya damƙi gefen kujerar kamar wanda aka sa a kwalekwale ranar iska. Tsoho ne da bai taɓa cin abinci ƙafarsa tana lilo ba. Ko loma bai kai ba sai ga liman ya iso da ɗan kwanonsa, ya yi sallama ya zauna a tabarma. Bunyaminu yana jin muryar liman ta fito daga ƙasa ya sulalo daga kujerar har yana neman kifar da miya.

"Ni in zamna bisa, Liman na ƙasa? Ku sauke min tuwona."

Maƙwabta suka yi dariya, ban da Attahiru, don cutar da ke damunsa ce ta kama wansa. Teburin ya koma cikin gida, Barira tana shanya kuɓewa a kai.

Da wannan ta ƙi, sai Kofur ya ce a ransa likitan Badun bai san jikin da ya yi Bama ba. Ya bari Barira ta tafi gidan suna da hantsi, ya ja tabarma da sanda ya shimfiɗa a gindin dirkar rumfa, ya jingine sandunan, ya rungumi dirkar ya fara sauka a hankali. Ya kai rabi sai ya ji wani abu ya ja a kwatangwalon hagu. Ba ciwo ne sosai ba, gargaɗi ne. Ya tsaya cak. Sauka ta gagara, tashi ta gagara. Haka ya maƙale a jikin dirka, zabi sun kewaye shi suna jiran tsaba, har Allah ya sa Barira ta dawo ɗaukar goron da ta manta.

Ba ta yi ihu ba. Ta sa kafaɗa ta ɗaga shi ta kai kujera, ta tabbatar ƙafar tana motsi, sannan ta buɗe masa wuta.

"Ni nik kwana bisa siminti Badun, sauro na ci na, ban san kowa ba, ba ni jin maganassu. Ni nig ga jinin da anka kwasa. Yanzu don tuwo za ka watsa min wahalata? In ƙarhen ga ya goce, wa ka maishe ka can? Ɗanmusa?"

Tana faɗa hawaye na zuba. Attahiru bai taɓa jin nauyinta irin na ranar ba.

"Ba don tuwo ba na, Barira," ya ce. "Yaya na. Shina can zamne shi ɗai kamar wanda ba shi da kowa, ni kuwa ina da rai."

"Na sani," in ji ta, ta share ido da bakin zane. "Kai kaka ganin ban sani ba? Amma ka nemi wata hanya, wagga ba ta ɓullewa."

Kaka ta yi, aka yanke dawa, tafiyar Attahiru ta ƙara nisa. Ya ajiye sanda ɗaya, yana fita har bayan gari. Wata rana da la'asar ya biya ta inda Ɗanmusa yake haƙar jar ƙasa don yaɓen rumbuna. Ramin bai yi zurfi ba, ya ɗan wuce gwiwa kawai, kuma ta gefe ɗaya an yi masa gangara inda jakuna ke shiga a cika musu mangala. Attahiru ya gaji, kujera tana gida, ya tsaya yana haki yana duban inda zai jingina.

"Tsohon ƙarhe ya yi zahi," in ji Ɗanmusa. "Bi hanyar jakkai ka shigo, ai ta 'yan'uwanka ta. In ka iso ka juya ka zamna bisa baki."

Attahiru ya gangara a hankali, ya juya baya ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki. Ɗanmusa ya fito ya wanke hannu, ya zauna kusa da shi a sarari ya tanƙwashe ƙafa, ya ajiye ƙwaryar dafaffiyar gyaɗa a tsakaninsu. Suna ci suna zagin juna, ɗaya ya ce ɗaya bawansa ne, ɗaya ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya so. Sai da gyaɗar ta kusa ƙarewa hannun Attahiru ya ci karo da na Ɗanmusa a cikin ƙwarya. Ya dakata. Ya dubi kafaɗarsa, ya dubi ta Ɗanmusa, ga su daidai. Ya dubi gwiwarsa, ba ta fi ƙugunsa tudu ba. Bai tsuguna ba, bai sunkuya ba, ga shi yana ci a ƙwarya ɗaya da mutumin da ke zaune a ƙasa.

Ya fashe da dariya har Ɗanmusa ya matsa gefe.

"Gobe ka zo gida da dagi da kalme," in ji Attahiru. "Rami za ka gina min ƙohwar zaure, irin wanga."

Washegari da safe Ɗanmusa ya zo. Da yake mai ginar rijiya ba ya aiki da ka, sai ya zaro karan dawa a jikin danga, ya sa Attahiru ya miƙe, shi kuma ya durƙusa yana auna shi daga diddige zuwa saman gwiwa. To, a ƙasar nan mutum iri ɗaya ake aunawa da kara kafin a haƙa masa rami, kuma shi ba ya tsayawa da ƙafarsa a auna shi. Barira ta fito da tsintsiya, ta ga kara a jikin mijinta, ga dagi a jingine. Tsintsiyar ta faɗi.

"La'ilaha illallahu! Ɗanmusa, wane irin mugun wasa na wanga? Da ranai kaka auna shi?"

Aka yi mata bayani, bayanin bai shige ta ba.

"Ba a gina rami ƙohwar gidan ga mijina shi shiga ina ji ina gani. Mugun hwata na. Mutumin da Allah yam maido min da ƙyar!"

Attahiru ya bari ta sauke duka, sannan ya ce, "Ke kic ce in nemi wata hanya, ita ta wagga. In kin hana na bari, in ci gaba da ci cikin ɗaki. Ba ni yin shi da ɓacin ranki."

Ta shige madafa. Aka ji tukwane suna shan wahala na wani lokaci. Da ta fito sai ta fito da sharuɗɗanta. A jefar da karan nan a auna da igiya. Ramin kada ya yi tsawo, a yi shi zagaye kamar bakin randa, ƙasar da aka fitar kuma kada a tara ta tudu a gefe, a kwashe ta nan take. Sannan ba za ta yarda mijinta ya sa ƙafa a tsurar ƙasa ba, ita za ta yi wa ramin daɓe da hannunta.

Ɗanmusa ya fara da gangarar shiga, ita kuwa dole ta yi tsawo. Masu wucewa suka hango mai ginar rami yana haƙa a ƙofar gidan majiyyaci da sanyin safiya, ba su tsaya tambaya ba. Kafin hantsi labari ya kai kasuwa cewa ƙarfen Turawa ya kashe Kofur. Wata tsohuwa Rahmatu ta taho tana salati tana kuka, maza suka biyo baya da alwalarsu. Ɗanmusa, Allah ya shirye shi, ya dogara da dagi ya sunkuyar da kai yana amsa gaisuwa.

"Sai haƙuri. Mutumin kirki na, in ban da rowa."

Suka leƙa zaure suka tarar da mamacin a kan kujera yana shan rake. Rahmatu ta bi Ɗanmusa da takalmi. Amma ruɗanin ya yi amfaninsa, don duk wanda ya zo ta'aziyya sai da aka gaya masa dalilin ramin, kafin azahar Bagudo duka ta san ba girman kai ne ya hana Kofur tabarma ba. Mutum ɗaya ne ba a gane inda ya dosa ba. Bunyaminu ya fito zai tafi masallaci, ya laluba bakin ramin da sanda, ya tambayi abin da ake yi, aka gaya masa. Ya ce, "To." Ya wuce.

Wannan "to" ta zauna wa Attahiru a ƙirji duk kwanakin da aka yi ana aikin. Barira ta gayyato matan unguwa, aka zuba tsakuwa aka yayyafa makuba, suka yi ta dukan ramin da madaɓi suna waƙa suna yi wa Kofur tsiya, har cikinsa ya yi sumul yana ƙyalli. Uzodinma ya kawo murfin katako don awaki da yara, ya kafa wani ɗan turke a bakin gangarar inda za a dafa. Kowa ya sa hannu, kowa yana murna, shi dai mai ramin yana tunanin ko tsohon zai zo ya zauna, ko kuwa watannin nan sun riga sun yi ɓarnar da rami ba zai gyara ba.

Ranar da daɓen ya bushe Barira ta sauko da baƙin akushi ta wanke, ta tuƙa tuwon sabuwar shinkafa, miyar kuka da busasshen kifi. Attahiru ya yi magariba a kujerarsa, ya fita da wuri, ya dafa turke ya gangara, ya juya ya zauna a bakin ramin kan tabarma. Maƙwabta sun fi na kullum yawa, kowa da kwanonsa, kowa yana yi kamar ba kallo ya zo ba. Aka kawo akushi aka ajiye a gefensa. Ya zuba ido a hanyar masallaci.

Sai ga ƙarar sanda. Bunyaminu ya yi sallama, ya tsaya jim, ya shimfiɗa buzunsa a ɗaya gefen akushin ya zauna. Da yake dogo ne, sai da Attahiru ya ɗan ɗaga ido kafin ya ga fuskarsa.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Sannu."

Suka wanke hannu. Bunyaminu ya yi bisimilla ya miƙa hannu. Akushi kuwa gindinsa zagaye ne, yana taɓa tuwon sai ya karkace ya zame gefe. Tsohon ya dakata, hannunsa a sama.

"Attahiru."

"Na'am, Yaya."

"Riƙe akushin mana. Tun da kat tahi Badun nika biyar kwano bisa tabarma kamar mai kamun kaza, ba mai riƙe min."

A al'ada ƙarami ne ke riƙe bakin kwano da hannun hagu in yana ci da babba. Attahiru ya yi hakan tun bai iya wanke hannunsa da kansa ba, har ya daina lura yana yi. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa tun da idon wansa ya raunana, hannun nan nasa ne ke tsayar masa da abincinsa wuri ɗaya. Ya sa hannu ya riƙe, da furfurarsa da komai. Idonsa ya cika taf, ga hannu ɗaya a akushi ɗaya a miya, babu na sharewa.

"Barkono ya yi yawa, Kofur?" in ji Ɗanmusa daga can gefe.

"Ƙyale min ƙanena shi ci tuwo," in ji Bunyaminu.

Ya laluba cikin miyar ya samo tsokar kifi, ya tura ta gaban Attahiru, sannan ya kai lomarsa.